Motar bashi: kashi 15 a baki, kashi 43 a aljihu

Da za a tsayar da masu motocin da ke kai da kawowa a titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, a ware waɗanda suka saya da bashi, a yi musu tambaya guda tak, wato nawa ne ya rage a kansu yau, da an sha mamaki. Malamin makaranta ya san abin da yake kaiwa kowane ƙarshen wata. Ɗan kasuwa ya san ranar da ya ba da kafin alƙalami, ya san shaidun da suka zauna. Amma in aka ce su rarrabe abin da ya tafi ga uwar kuɗi da abin da ya tafi ga ruwa, ko su faɗi abin da za su biya in suna son rufe bashin gobe da safe, amsar da za a fi ji ita ce: mai motoci ne ya sani, littafin yana wurinsa.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu abin kunya ga mutum ya sayi abin hawa da biyan kaɗan-kaɗan. Abin da ya cancanci a tona shi ne duhun da aka lulluɓe wannan ciniki da shi. Duk wanda ya sayar da mota ya ce a biya shi wata-wata ya yi sana'a biyu a zama guda: ya sayar da ƙarfe, ya kuma ba da rance. Ƙarfen ana buɗe shi, a kira bakanike ya saurari inji, a leƙa ƙarƙashi, a zagaya gari da shi. Rancen kuwa babu mai buɗe shi. Alhali ƙasar nan tana da dokar da ta yi wa kuɗin ruwa iyaka, ta kuma wajabta a rubuta shi ƙarara. Dokar ba ta ce ta tsaya ƙofar banki ba. Masu aiwatar da ita ne suka tsaya can.

Yadda aka zo nan

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi dare ɗaya, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa. Kafin nan ma, a 1990, bankin raya ƙasa na BDRN ya riga ya durƙushe. Cikin wannan giɓi ne kasuwar motocin hannu ta bunƙasa. Ana lodo su daga tasoshin jiragen ruwan Turai, musamman na Baljiyam, a sauke a Kwatano, a biyo da su ta Malanbil, a ƙetare gada zuwa Gaya, daga nan su bazu cikin ƙasa, wasu kuma su zarce Najeriya.

Kasuwa ce mai girman gaske. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, da aka rufe iyaka tsakanin Nijar da Benin, kaya suka karkata ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau. Duk lokacin da kuɗin mota ya tashi, masu iya biya hannu da hannu raguwa suke yi, masu neman a yi musu lamuni su ƙaru. Nijar kuwa tana cikin ƙasashen yankin sefa da mafi ƙarancin mutanensu ke da ajiya a banki. Saboda haka filin sayar da motoci ya zama banki ga wanda banki bai sani ba, sai dai banki ne da ba shi da mai duba littafinsa.

Lissafin da ba a yi a gaban mai saye

Ga misali wanda kowa ke iya bi da alƙalami da takarda. Mota ce da kuɗinta hannu da hannu miliyan 4. Mai saye ba shi da su cif. Aka daidaita ya ba da miliyan 1 da jikka 600 nan take, sauran miliyan 2 da jikka 400 kuma ya biya cikin wata 12, jikka 250 kowane wata. Jikka 250 sau 12 miliyan 3 ke nan. Ashe ƙarin da ya hau motar saboda jinkiri jikka 600 ne. Mai motoci zai ce jikka 600 bisa miliyan 4 kashi 15 ne cikin ɗari, kwatankwacin abin da banki ke karɓa, ga shi babu jerin gwano, babu tarin takardu. Mai saye ya ga gaskiya, a yi sallama, a tafa.

Zamba ta farko tana nan a fili: ba miliyan 4 aka ranta ba. Kafin alƙalamin da mai saye ya ba da kuɗinsa ne, babu dalilin da zai biya ruwa a kan guminsa. Abin da aka ranta miliyan 2 da jikka 400 ne, kuma jikka 600 bisa wannan adadi kashi 25 ne cikin ɗari.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Mai saye bai riƙe miliyan 2 da jikka 400 tsawon shekara ba. A ce kowane wata jikka 200 ke fita daga uwar kuɗi. A watan farko yana riƙe da kuɗin duka. A wata na bakwai rabi kawai ya rage. A wata na ƙarshe jikka 200 ce ta saura. In aka daidaita watannin goma sha biyu, abin da ya riƙe bai wuce miliyan 1 da jikka 300 ba. Jikka 600 bisa wannan adadi ta haura kashi 40. In aka yi lissafin dalla-dalla irin na banki, ruwan yana kamawa kashi 3,6 kowane wata, wato kimanin kashi 43 cikin ɗari a shekara. Ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: duk ruwan da aka ɗora a kan uwar kuɗi gaba ɗaya tun ranar farko, alhali ana biya wata-wata, haƙiƙaninsa ya kusa ninkin abin da aka faɗa.

Don a ga tazarar da kyau, da rancen nan na kashi 15 ne na gaskiya, irin wanda ake lissafawa a kan abin da ya rage kowane wata, da biyan wata bai wuce jikka 217 ba, ruwan shekara duka kuma wajen jikka 200. Kashi 15 na banki jikka 200 ne. Kashi 15 na filin motoci jikka 600 ne. Suna ɗaya, nauyi ninki uku. In kuma aka ƙara da abin da ake kira kuɗin takarda, a ce jikka 100 da ake karɓa ranar ciniki daga wanda ya sayi bashi kaɗai, sai ruwan ya haura kashi 50. La'adar dillali daban ce, hakkin wahalarsa ne, kuma mai kuɗi hannu ma yana biyan ta. Amma duk kuɗin da ba za a nema ba in da lakadan aka biya, ko wane suna aka laƙaba masa, cikin ruwa yake.

Nawa ya rage?

A ci gaba da misalin. Wata shida sun wuce, mai saye ya kai miliyan 1 da jikka 500. Sai Allah ya buɗa masa: ya sayar da albasa ko wake da daraja, ko kuwa an biya shi wasu tsofaffin haƙƙoƙi, yana son ya sauke nauyin gaba ɗaya. Tambayar nawa ya rage tana da amsa uku, kowace da lissafinta.

Mai motoci zai ce biya shida suka saura, jikka 250 sau 6, miliyan 1 da jikka 500. Ma'anar wannan ita ce ya kwashe ruwansa na shekara duka daga kuɗin farko, jikka 900 kawai ya cire daga uwar kuɗi, kuma mai saye zai biya ladan jinkirin wata shida da bai yi ba. Mai saye zai ce kowane biya jikka 200 ne na uwa da jikka 50 na ƙari, saboda haka miliyan 1 da jikka 200 suka rage. Ma'aikacin banki kuwa, wanda ke lissafa ruwa a kan abin da ya saura kowane wata, zai ce wajen miliyan 1 da jikka 327. Tsakanin amsar farko da ta biyu akwai jikka 300, abin da ya fi albashin wata na ma'aikata da yawa. Wace ce gaskiya? Wadda aka rubuta ranar ciniki. In ba a rubuta komai ba, ta mai riƙe da takardun mota ce ke cin kasuwa.

Maganin wannan gardama ba sabon abu ba ne. Jadawalin biya ne, takarda guda mai layi goma sha biyu, kowane layi ya nuna rana, abin da aka biya, rabon uwa, rabon ruwa, da abin da ya saura. Duk banki yana ba da irinsa. Mai motocin da ya iya lissafin kuɗin duwan, kuɗin jirgi da canjin yuro da sefa bai rasa basirar zana layi goma sha biyu ba.

Tarkon ƙaramin biya

Kada ma'aikacin da ya bi ta banki ya ɗauka shi ya tsira daga lissafi. Tarkonsa daban ne, sunansa ƙaramin biya. Miliyan 2 da jikka 400 ɗin nan, a kan kashi 15, in aka shimfiɗa su wata 36, biyan wata yana komawa wajen jikka 83. Abin yana daɗin ji, yana kuma shiga cikin sulusin albashi da bankuna suka saba kiyayewa wajen yanka. Amma ruwan da ya kasance jikka 200 cikin shekara guda ya zama wajen jikka 595 cikin shekara uku. A watan farko, daga jikka 83 ɗin, jikka 30 ruwa ne. Bayan shekara cif, mutum ya zuba kusan miliyan guda, bashin kuwa jikka 684 kawai ya ragu, saura miliyan 1 da jikka 716. Babu algus a nan, haka lissafin yake. Sai dai wanda ba a nuna masa jadawali ba, ranar da ya gano haka zai rantse an cuce shi.

Akwai kuma abin da lissafin ruwa ba ya nunawa. Motar da ta yi shekara goma sha biyar a Turai kafin ta ga rairayin Sahel, darajarta faɗuwa take yi kullum, kuma tana iya kwantawa kafin bashin ya ƙare. Inji ya buga ko bai buga ba, ƙarshen wata yana zuwa. Ga asiransi, ga binyeti, ga mai, ga kayan gyara. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Dogon ajali a kan tsohuwar mota kuwa ko arahar ma babu.

Ranar da biya ya makara

Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990 ba su manta da watannin da aka jera babu albashi ba. Ɗan kasuwa ma ya san yadda rufe iyaka ko faɗuwar naira ke daskarar da ciniki a Maraɗi da Ƙonni. Makara a biya ba kullum ba ce alamar rashin amana. Amma a nan ne cinikin baka ke nuna haƙoransa. Wani mai motoci ya ɗora tara a kan kowane mako, tarar da ba a ambata ba ranar sallama. Wani kuma, da yake kartagiris na sunansa ko yana aljihunsa, ga makulli na biyu a hannunsa, sai ya aika yara su ɗauko motar daga ƙofar gida, ya ce abin da aka biya a baya ya zama kuɗin haya.

A sake duba misalin. Mai saye ya ba da kafin alƙalami, ya jera biya tara, jimilla miliyan 3 da jikka 850. Saura jikka 750 ko a lissafin mai motoci kansa. Ya kasa, aka ƙwace motar, aka sake sayar da ita miliyan 3. In mai motoci ya riƙe duka, ya ci miliyan 6 da jikka 850 a kan motar miliyan 4.

Doka ba ta yarda da haka ba. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama. Dokarta ta jingina da lamuni, wadda aka sabunta a 2010, ta ba mai sayarwa damar riƙe mallakar kaya har a gama biya, amma da sharaɗin a rubuta haka kafin miƙa kayan ko a ranar miƙawa. In ya karɓe kayan, wajibi ne a cire darajarsu daga abin da ya saura na bashi. In darajar ta fi bashin, ragowar ta mai saye ce. A misalin nan, miliyan 2 da jikka 250 ya kamata su koma hannun wanda aka ƙwace wa mota. Mutum nawa ne suka san da wannan hakki? Nawa ne suka taɓa neman sa gaban alƙali?

Abin da dokar ruwa ta ce

Ƙasashe takwas masu amfani da sefar Afirka ta Yamma, waɗanda ke cikin ƙungiyar kuɗi ta UMOA ƙarƙashin babban banki BCEAO, suna da doka iri ɗaya a kan cin ruwa fiye da kima. Majalisar ministocinsu ce ke yanke iyakar, tana kuma sake duba ta lokaci zuwa lokaci. Daga 1 ga Janairu 2014 aka sauko da ita daga kashi 18 zuwa 15 ga bankuna, daga kashi 27 zuwa 24 ga asusun ajiya da rance da sauran masu ba da bashi. Ficewar Nijar daga CEDEAO a 2025 ba ta taɓa wannan doka ba, don ƙungiyoyin biyu daban suke.

Abubuwa uku ne a cikinta suka shafi filin motoci kai tsaye. Na farko, ma'aunin da ake dubawa shi ne wanda ake kira TEG, wato ruwan shekara na haƙiƙa bayan an haɗa da duk wasu kuɗaɗen da aka ɗora wa mai cin bashi, kuma wajibi ne a rubuta shi cikin yarjejeniya. Na biyu, sayar da kaya da biyan kaɗan-kaɗan dokar ta ɗauke shi tamkar rance. Na uku, abin da aka karɓa fiye da iyaka ana cire shi daga bashin, kuma mai karɓa yana iya fuskantar tara da ɗauri. A kan iyakar kashi 24, ruwan miliyan 2 da jikka 400 cikin wata 12 bai wuce jikka 323 ba. Mai motocin misalin nan ya karɓi 600.

Sauran ƙasashe ma ta wannan ƙofa suka bi. Amurka ta tilasta wa masu ba da bashi bayyana ruwan shekara a rubuce tun 1968. Faransa, a 1978, ta ba wanda ya ci bashin sayen kaya kwana 7 na sake tunani, dokar 2010 ta mai da su 14. Ba su hana bashi ba. Sun hana a yi shi cikin duhu.

Hujjojin masu motoci

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Hujjarsu ta farko ita ce su ba ruwa suke ci ba, riba ce ta ciniki. Gaskiya ne mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya zuwa ajali da kuɗin da ya fi na hannu, muddin an yanke kuɗi guda da ajali sananne a wurin ciniki, kuma bisa wannan ne bankunan Musulunci ke yin murabaha, suna faɗin abin da suka saya da ribar da suka ɗora. Amma wanda ya fake da wannan fatawa sai ya ɗauke ta duka. Malaman da suka halatta ƙarin ajali su ne suka haramta ƙara wa bashi kuɗi don an makara. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mai neman inuwar shari'a ba shi da uzurin ƙin takarda.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: kasada. Mai motoci jarinsa ne ke kwance a hannun wani tsawon shekara, jarin da zai iya juyawa sau biyu ko uku. Wasu masu saye suna ɓacewa da mota, wasu su dawo da ita gawa, kuma shari'a tana cin lokaci. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ma doka ta ba wanda ba banki ba iyakar da ta fi ta banki faɗi. Amma kasada tana halatta farashi mai tsada ne, ba ta halatta farashi ɓoyayye. In ɗan kasuwa ya ga kashi 24 bai biya masa wahalarsa ba, hanyarsa ita ce ya ƙara kafin alƙalami, ya rage ajali, ko ya sayar hannu da hannu. Rubutacciyar yarjejeniya kuwa shi ma tana kare shi, don da ita ce kaɗai riƙon mallakarsa ke tsayawa gaban alƙali.

Hujja ta uku ita ce in aka matsa, za su daina ba da bashi, talaka ya rasa. Masu gaskiya cikinsu, kuma suna da yawa, babu abin da takarda za ta rage musu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hasali ma su ne za su fi cin moriya, don ranar da kowa ya rubuta farashinsa, mai saye zai iya gwada filin nan da wancan, mai sauƙi ya samu kasuwa. Wanda cinikinsa ba ya tsayuwa sai cikin duhu ne kaɗai zai yi asara, kuma wannan asara ba ta jama'a ba ce.

Abin yi

Ba a bukatar sabuwar doka. Ofishin ministan kasuwanci, tare da majalisar ƴan kasuwa da masana'antu ta ƙasa da shugabannin masu sayar da motoci, suna iya fitar da takardar yarjejeniya guda mai shafi ɗaya, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, wadda za a wajabta a duk cinikin mota na bashi. Ta ƙunshi kuɗin motar hannu da hannu, kafin alƙalami, abin da aka ranta, jimillar abin da za a biya, ruwan shekara na haƙiƙa, da jadawalin biya. Ta faɗi abin da za a rage in an biya da wuri, kwanakin haƙuri in an makara, sunan da kartagiris zai ɗauka, da yadda za a ƙiyasta motar in an karɓe ta. Masu binciken farashi da ke zagaya kasuwa suna duba mudu da sikeli, su riƙa leƙa wannan takarda ita ma, don ruwan bashi ma awo ne.

Ƙungiyoyin ƙwadago, irin su USTN da ƙungiyoyin malaman makaranta, suna da nasu rabon. Sun saba gwagwarmayar ƙarin albashi. Jikka 400 da ke zurarewa daga aljihun ma'aikaci a ciniki guda ta fi ƙarin da yajin aiki da yawa suka taɓa samo masa. Zama guda na koya wa membobi karanta jadawalin biya ba zai ci musu komai ba. Bankuna da asusun rance kuma, in suna kukan mutane na gudunsu, sai su sassauta tarin takardu, su bayyana kuɗin buɗe fayil da na asiransin rai tun a ƙofa, kada mai cin bashi ya tsince su a ƙasan shafi na huɗu.

Kafin hukuma ta motsa, mai saye yana da makamin da ba ya bukatar izinin kowa. Ya fara cinikin motar kamar mai kuɗi hannu, a tsayar da farashi, sannan ya kawo zancen bashi. In ya fara da bashi, an ɓoye ƙarin cikin farashi ke nan. Ya tara duk abin da zai biya, ya cire kuɗin hannu, ya auna ragowar da abin da aka ranta masa, ba da kuɗin motar ba, sannan ya kusa ninka abin da ya samu. Ya ga takardar duwan da idonsa. Ya karɓi rasit a kowane biya, a rubuta abin da ya saura a jikinsa. In mai motoci ya ce ai tsakaninsu akwai amana, takarda ta mene ce, amsar ita ce takarda ba ta taɓa ɓata amana ba, mantuwa da mutuwa ne ke ɓata ta, ranar da magada suka zauna babu wanda ya san abin da aka yi.

Ƙasar da ke tsayar da direba a kan hanya don binyeti da asiransi ta nuna tana iya bin takardar mota in ta ga dama. Saura ta bi takardar bashin da aka sayi motar da shi.